Sabuwar Mota, Tsohuwar Ƙafa

Direban da ya shekara ashirin yana jan mota tsakanin Gombe da Bauchi zai iya shiga motar da bai saba da ita ba, ya tayar, ya sa giya ɗaya, ya ɗaga ƙafar hagu yadda ya saba, motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake murɗa makulli, ta sake mutuwa. A karo na uku sai ya ba ta wuta da yawa, ta fizga da ƙara, tayoyi suna watsa tsakuwa. Da ya fito, abin da zai fara cewa shi ne kulocin motar nan ba shi da lafiya. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau. Ƙafar direban ce take neman kulocin tsohuwar motarsa a cikin sabuwa.

Wannan lamari ya shafi masu mota a Hammadu Kafi da sauran unguwannin da suka bunƙasa a gefen birnin Gombe tun bayan da aka ƙirƙiri jihar a 1996. Ba a cika ganin motar gudu dal daga kamfani a layukan unguwar ba. Abin da ake kira sabuwa a nan galibi 'yar Beljiyam ce ko 'yar Kwatano, wadda wani ya riga ya mora a Turai, ko kuwa ta hannu da aka saya a Kano ko Abuja. Amma akwai matasan da ke sha'awar mota mai zafi, tsofaffin BMW, Golf GTI, Honda Civic, kuma da yawansu sun fi son manuwal saboda suna so su ji motar a hannunsu da ƙafarsu. Tambayar da ke gabansu ɗaya ce da ta mai motar haya ƙirar Sharon da aka sa wa sabon kuloci jiya: wannan baƙon yanayi da ƙafa ke ji, na motar ne ko na direban? Amsar tana da tsada, domin wanda ya kasa bambancewa zai iya sauke giyabos a banza, ko kuma ya ƙona kuloci mai kyau cikin 'yan watanni.

Dalilin samuwar kuloci mai sauƙi ne. Injin fetur ba ya iya juyawa ƙasa da wani mizani. A sulo yana yin zagaye 700 zuwa 900 a minti, in aka danne shi ƙasa da haka sosai sai ya mutu. Tayoyin motar da ke tsaye kuwa ba sa juyawa ko kaɗan. Dole a sami abin da zai haɗa mai gudu da na tsaye a hankali. A bayan inji akwai wani ƙarfe mai nauyi, zagayayye, fulawil. A jikinsa ake manna wani faifai mai fatar gogayya gaba da baya, wanda kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, shi ne yake haɗe da giyabos. A kan faifan kuma akwai murfi mai sifirin wanda yake matse shi da fulawil da ƙarfin gaske. Idan direba ya taka feda, wani boris ne yake tura yatsun sifirin ɗin, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. Idan ya ɗaga ƙafa, matsin ya dawo.

Duk rigimar tana cikin wani ɗan taƙi ne a tsakiyar tafiyar feda. Daga ƙasa zuwa sama, feda ba ta wuce tafiyar santimita 15 ba a yawancin ƙananan motoci. A ƙasa babu abin da ke faruwa, a can sama kuma an riga an gama haɗuwa. Tsakaninsu akwai santimita biyu ko uku inda faifai ya fara taɓa fulawil amma bai kama gaba ɗaya ba, yana zamewa yana ja. A wannan wuri ne mota take fara motsi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban injin markaɗe ya ga yadda mai injin ke murɗa hannu yana matse farantai biyu, suna gugar juna har su yi zafi. Haka faifan kuloci yake a wannan taƙin: yana aiki, amma yana cin kansa. Gwanin direba yakan ratsa wurin cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba da gaggawar da za ta kashe inji ba, ba kuma da jinkirin da zai ƙona faifai ba.

Ƙafa ba ta tunani a kan wannan. Bayan dubban tashi da tsayawa, gwiwa da idon sawu sukan haddace inda za su rage sauri, ba tare da sun tambayi kai ba. Matsalar ita ce abin da suka haddace na mota ɗaya ne tak. Kuma kulocin waccan motar ya daɗe yana canzawa a ƙarƙashin ƙafar ba tare da mai ita ya lura ba. Yayin da faifai ke cinyewa, wurin kamawa yakan yi ta haurawa sama, fedar kuma tana ƙara tauri saboda yatsun sifirin sun sauya tsayuwa. Mutumin da ya shekara biyar da irin wannan mota ya saba da sakin ƙafa da sauri har kusan ƙarshe kafin ya ji motsi. In aka ba shi mota mai sabon kuloci, wanda yake kamawa tun daga ƙasa kuma fedarsa ba ta da nauyi, zai wuce wurin kamawa kafin ya ankara. Shi ya sa tsofaffin hannu sukan fi sababbin koyo shan kunya a ranar farko. Ɗan koyo yana tsoro, yana lallaɓawa. Gwani ya yarda da ƙafarsa.

Akwai kuma bambancin ƙira. Direbobin Arewa da dama sun buɗe ido ne da Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗawa a 1975, kuma ta daɗe tana mulkin tashoshin mota daga Gombe har Maiduguri. Kulocinta da man birki yake aiki, ta hanyar ƙananan famfo biyu, ɗaya a sama kusa da feda, ɗaya a ƙasa jikin giyabos. Volkswagen Beetle da yawancin Golf 3 kuwa waya ce take ja. Mai waya yakan isar da duk wata gogayya da karkarwa kai tsaye zuwa tafin ƙafa, in wayar ta bushe kuma ya yi tauri. Mai amfani da mai ya fi laushi da santsi, amma yana ɓoye wasu alamun. Wanda ya tashi daga wannan ya koma wancan zai ce fedar ba ta gaya masa komai, kuma yana da gaskiya, domin labarin da ya saba ji ta ƙafa yanzu sai ya neme shi ta kunne da kujera.

Motar gudu tana ƙara wa wannan al'amari gishiri. Injinta yana da ƙarfi, saboda haka murfin kulocinta yana matsewa fiye da na motar gida, don kada faifai ya zame. Fulawil ɗinta sau da yawa ba shi da nauyi sosai, domin a sami inji ya hau da sauri ya sauko da sauri. Wannan yana da daɗi a kan buɗaɗɗen titi, amma a wajen tashi yana nufin injin ba shi da ajiyar ƙarfin juyawa da zai jure kuskuren ƙafa. Tsohuwar Hiace mai dizal za ta yafe wa direba in ya saki kuloci da garaje, ta yi ɗan tari ta ci gaba. Ƙaramar motar gudu mai fetur mutuwa za ta yi nan take. Totur ɗinta ma ba ya son wasa: ɗan taɓi kaɗan, allura ta haura 3,000. Ga zama kuma. Kujerar tana ƙasa, ƙafa tana miƙewa gaba maimakon ta taka ƙasa kamar a bas, don haka jijiyoyin da ke aikin ma ba su ne waɗanda suka saba ba.

Masu irin waɗannan motoci a ƙasashen da ake ƙera su ma suna kuka da abu ɗaya, kuma wani ɓangare na laifin yana wuyan dabarun zamani. A wasu motocin, irin su Subaru BRZ da Ford Mustang, an sa wa fedar wani ƙaramin sifirin mai taimaka wa ƙafa don ta yi sauƙin takawa, amma yana sa nauyin fedar ya sauya daidai kusa da wurin kamawa, har wasu masu motar kan cire shi ko su canza shi. BMW ta daɗe tana sa wani ɗan maƙogwaro a bututun man kuloci wanda yake rage saurin komawar man, domin ya kare giyabos daga duka in an saki feda da ƙarfi. Sakamakonsa shi ne ƙafa ta riga ta saki amma kuloci bai gama kamawa ba. Sannan kwamfutar injin zamani takan riƙe gudun inji na ɗan lokaci bayan an ɗaga ƙafa daga totur, don rage gurɓataccen hayaƙi. Direban da ya saba da kafireta, inda inji ke faɗuwa da zarar an saki wuta, zai ga kamar totur ya maƙale. Bai maƙale ba, haka aka tsara shi.

Wasu dabarun kuma taimako ne na gaske, in mutum ya san suna nan. Nissan 370Z ta 2009 ita ce ta fara zuwa da na'urar da ke ɗaga gudun inji da kanta idan ana saukowa daga babbar giya zuwa ƙarama, kuma yanzu Honda Civic Type R da wasu da dama suna da irinta. Motoci da yawa na shekarun baya-bayan nan suna riƙe birki na kusan daƙiƙa biyu a kan hawa bayan direba ya ɗaga ƙafa, don kada su koma baya. Wanda bai sani ba zai ji kamar an ɗaure motar, ya ƙara wuta, sai birkin ya saki ta yi gaba da ƙarfi.

Sabo da sabon kuloci daga kujera yake farawa, kuma wannan ne abin da aka fi rainawa. Ya kamata direba ya iya kai feda har ƙasa gwiwarsa na da ɗan lanƙwasa, bayansa bai bar jingina ba. In sai ya miƙe ƙafa sarai ko ya zamo gaba kafin ya kai ƙarshe, ba zai taɓa samun daidaito ba, kuma giya za ta riƙa ƙara saboda kuloci bai gama saki ba. Takalmi ma magana ce. Silifas yana lanƙwashewa a ƙarƙashin feda, yana kuma zamewa in ƙafa ta yi gumi a zafin Maris da Afrilu. Takalmi mai kaurin ƙasa yana toshe ji. Mai siririn ƙasa wanda ya kama dunduniya shi ya fi. A duba tabarmar ƙasa kuma. Wadda aka ninka biyu ko ta zame gaba takan hana feda kaiwa ƙarshe, kuma an sha zargin giyabos a kan laifin tabarma.

Daga nan sai a nemi fili mai shimfiɗe inda ba mutane, irin filin ƙwallo da rana tsaka ko sabon layin da ba a gama gine-gine ba. A bar inji ya ɗumama. A sa giya ɗaya, a ajiye ƙafar dama a gefe, kada ta taɓa totur ko kaɗan. A ɗaga ta hagu a hankali har a ji muryar inji ta ɗan yi ƙasa, allura ta sunkuya, gaban motar ya ɗan motsa. A nan ake tsayawa cak, a riƙe ƙafa a wurin. Motar za ta fara rarrafe da kanta, kuma sai ta kama tafiya sannan a ƙarasa sakin fedar. A taka, a tsaya, a sake. Kusan kowace mota mai lafiya za ta tashi a fili ba tare da wuta ba in an yi haƙuri. Amfanin wannan horo shi ne yana raba aikin ƙafa biyu, ta hagu ta koyi wurinta ita kaɗai. Bayan an maimaita sau da yawa, sai a fara ƙara 'yar wuta, kamar zagaye 1,200 zuwa 1,500, ba fiye ba. Abin da ake nema shi ne ƙafa ta tashi da sauri daga ƙasa, ta dakata a wurin kamawa, sannan ta ƙarasa. Ɗagawa da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe ita ce take kawo tsalle.

Sauyi daga giya ɗaya zuwa biyu shi ne na biyu a wahala, domin tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta kowace giya faɗi. Inji yana bukatar ya sauko sosai kafin ya dace da giya biyu. In an saki kuloci kafin ya sauko, mota ta zabura. In an yi jinkiri ya faɗi ƙasa da yawa, ta dungura, fasinja ya yi gaba. A motar da kwamfuta ke riƙe gudun inji, maganin shi ne a ɗan jira, a kuma dakata kaɗan a wurin kamawa kamar lokacin tashi. Daga uku zuwa sama abin yakan zo da kansa.

Ƙasar Gombe ba ta barin direba ya tsaya a darasin fili. Birnin yana zaune ne a kwari, tuddai sun kewaye shi. Mai shigowa daga Bauchi ta Tumfure gangara yake bi har cikin gari, mai fita kuma hawa yake yi, sau da yawa a bayan tirela mai lodi. Wanda ya nufi Tula ta Kaltungo, ko ya hau tudun Biu, ya san abin da ake nufi da tashi a kan hawa. Ko a cikin unguwa, layin da ruwan damina ya zaizaye yakan haɗu da kwalta ta wani ɗan tudu, inda dole mutum ya tsaya ya duba hagu da dama gaban motarsa na kallon sama. A nan ne direbobi da yawa suke riƙe mota da rabin kuloci da wuta, ba gaba ba baya, suna ganin gwaninta ce. Ita ce hanya mafi sauri ta kashe faifai. Birkin hannu aka yi domin wannan: a ja shi, a kawo kuloci wurin kamawa har a ji bayan motar ya ɗan zauna, a ƙara wuta, a sauke birkin. Direbobin manyan motoci, waɗanda suka fi kowa sanin kuɗin kuloci, ba sa jin kunyar sa yaron mota ya dira ya sa weji a bayan taya.

Wani abin da ya kamata a lura da shi game da matasan Gombe shi ne yawancinsu a kan babur suka fara sanin kuloci. Boxer da Jincheng sun koya wa hannun hagu yadda ake lallaɓa shi a cikin cunkoso, kuma wannan ilimi yana da amfani domin mutum ya riga ya fahimci wurin kamawa. Sai dai kulocin irin waɗannan babura farantai ne da yawa da ke wanka a cikin man inji, man yana ɗauke zafi, don haka suna jure zamewa. Na mota faifai ɗaya ne busasshe, ba abin da ke sanyaya shi sai iska. Ɗabi'ar da babur zai jure shekara guda, mota ba za ta jure ta ba.

Haka nan ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya. Direba yana ganin bai taka ba, ya dai ajiye ne, amma nauyin ƙafar ya isa ya sa boris ya riƙa juyawa ba hutu, ya kuma rage matsin murfi. A motar gudu mai sauƙin feda abin ya fi muni. Kusan dukkansu suna da wurin ajiye ƙafa a gefen hagu, kuma can ne mazauninta da zarar an gama sauya giya. A danja ko a cunkoson bakin kasuwa, in tsayuwar za ta wuce 'yan daƙiƙu, a mayar da giya firi a saki feda.

Firi a tsaye daidai ne. Firi a gangara kuwa wani abu ne daban, kuma ya ƙaru tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Direba ya hau kan tudu, ya fitar da giya ko ya danne kuloci, wani har ya kashe inji, wai yana tsimin mai. A motar zamani mai injekta lissafin ma bai fita ba, domin in tana gangara a cikin giya ƙafa ba ta kan totur, kwamfuta takan yanke fetur gaba ɗaya, alhali a firi dole inji ya sha mai don ya yi sulo. Haɗarin kuma a fili yake. An cire riƙon da inji ke yi wa mota, duk nauyin ya koma kan birki, birki ya yi zafi ya daina kamawa. In an kashe inji, taimakon da birki da sitiyari ke samu daga gare shi ya tafi. Duk wanda ya san gangaren shiga Gombe ya san ba wurin gwada wannan ba ne.

Tsimin mai yana da wata fuskar: sa giya huɗu ko biyar mota na tafiyar rarrafe, inji na kakari. Tun 1985 kamfanin LuK na Jamus ya fito da fulawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda yake shanye girgizar inji, kuma yanzu yana cikin motocin Turai masu yawa, musamman masu dizal da masu ƙarfi. Yana sa tuƙi ya yi laushi, amma jan mota a babbar giya da ƙaramin gudu yana gajiyar da sifirin ɗinsa, kuma kuɗinsa yakan fi na kulocin kansa. Wasu kanikawa sukan maye gurbinsa da dunƙulallen fulawil. Motar za ta yi tafiya, sai dai ƙara da girgiza za su ƙaru, kuma ƙafa za ta sake sabon koyo.

To, yaushe ne laifin na motar ne da gaske? Alamun ba su da wuyar ganewa in an natsu. A hau titi, a sa giya huɗu ko biyar a matsakaicin gudu, a taka totur sosai. In allurar inji ta haura amma gudun mota bai bi ta ba, faifai yana zamewa, ya ƙare ko mai ya jiƙa shi. In giya ɗaya da ribas suna ƙin shiga ko suna ƙara alhali feda tana ƙasa, kuloci ba ya gama saki, kuma sau da yawa iska ce ta shiga bututu ko ɗaya daga cikin famfo biyun yana yoyo, gyaran da bai kai a sauke giyabos ba. Fedar da ke nutsewa ta ƙi dawowa ita ma can za a duba. Ƙugi ko ƙara da ke zuwa idan an taka feda, ta ɗauke idan an saki, boris ne. Karkarwa mai ƙarfi a wajen tashi, wadda ba ta raguwa ko da wani gwanin ya karɓi motar, tana iya zama mai a kan faifai, ko fulawil da ya ƙone, ko robobin da ke riƙe inji sun mutu. Wari irin na ƙonanniyar fata bayan an sha fama a kan hawa ko cikin yashi gargaɗi ne. In ya zo sau ɗaya a bar motar ta huce, in yana zuwa kullum a duba ɗabi'ar ƙafa kafin a duba motar. A damina kuma, motar da ta ratsa ruwa mai zurfi sannan aka ajiye ta kwanaki, faifanta kan iya mannewa da fulawil saboda tsatsa.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya rage sabo ne, kuma bai kamata a garzaya gareji ba. A nan ne ake asarar kuɗi. Mai mota ya je ya ce, Oga, kulocin nan ya yi ƙasa da yawa, a ɗaga min shi. Bakanike mai son ya faranta wa kwastoma sai ya kama sandar da ke bayan feda ya ƙara mata tsawo. A kuloci mai waya, gyaran tsayi abu ne da aka tanada. A mai aiki da mai kuwa yawanci da kansa yake daidaita kansa, kuma in aka matse sandar har ɗan wasan da ke saman feda ya ɓace, man ba ya samun hanyar komawa, matsi ya taru idan ya yi zafi, kuloci ya fara zamewa. An biya kuɗi an sayo cutar da babu ita. Bakaniken kirki shi ne wanda zai zagaya da motar, ya dawo ya ce, Alhaji, ka ƙara mata sati biyu.

Idan canjin ya zama dole, a canza faifai da murfi da boris tare, domin wahalar aikin tana wajen sauke giyabos ne, ba wanda yake so ya biya ta sau biyu. Valeo, LuK, Sachs, Exedy da Aisin su ne sunayen da kamfanonin mota da kansu suke saya, kuma saboda haka ne ake yawan buga sunayensu a kan kwalin jabu. Faifan da aka sake wa fata a kasuwa yana da araha, amma a mota mai ƙarfi ba ya daɗewa. Sabon kuloci kuma yana son a bi shi a hankali kafin fuskokinsa su zauna da juna. Masu ƙera na motocin gudu sukan ba da shawarar kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari ba tare da fizga ba. A cikin wannan lokaci wurin kamawa kan ɗan matsa, yanayin fedar ya daidaita. Wasan mota da wasu matasa ke yi a bukukuwa, inda ake ɗaga inji sama a saki kuloci gaba ɗaya don taya ta yi hayaƙi, yana iya gamawa da sabon faifai a yammaci ɗaya, ban da rayukan 'yan kallo da ake jefawa cikin haɗari. Irin faifan tsere mai ƙarfe-ƙarfe da wasu ke nema don wannan ba shi da tsakiya, ko ya kama ko ya saki, kuma azaba ne a cunkoson unguwar Jekadafari.

A kasuwar duniya manuwal tana ja da baya tun da General Motors ta fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940. A Amurka yanzu ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na sababbin motoci ba. Chevrolet Corvette ta daina zuwa da ita daga samfurin 2020, Ferrari da Lamborghini sun riga ta bari. Amma masu son ta ba su yi shiru ba. Porsche ta fitar da 911 GT3 a 2013 ba tare da manuwal ba, koke ya yi yawa, ta dawo da ita a 2017. Toyota ma ta ƙara wa Supra giyar hannu a 2022, kuma Mazda MX-5 tana riƙe da ita tun 1989. A can, feda ta uku, wato ta kuloci, ta zama abin sha'awar masu hali. A Gombe kuwa kayan aiki ce, saboda kowane gareji ya san ta, kayanta suna samuwa, kuma in batir ya mutu ana iya turawa ta tashi. Sai dai abin da Turawa suka saya sabo yau shi ne zai iso Tashar Dukku da dillalan Kano bayan shekara goma ko sha biyar, kuma Turai da kanta tana komawa otomatik da lantarki. Manuwal ɗin da za su ci gaba da shigowa za su ƙara tsufa, ko kuma su zo da fulawil mai ɓari biyu, da boris mai haɗe da famfo a cikin giyabos, wanda in ya yi yoyo sai an sauke komai kafin a kai gare shi.